Sau Nawa Za Ka Yi wa Sharaɓa Aiki a Mako?

Jiya ina tsakiyar sauke wa wani ƙarfe daga kafaɗa ka tsare ni da tambaya, wai sau nawa ya kamata mutum ya yi wa sharaɓa aiki a mako in yana so ta fito, tunda ka ga wani a waya yana cewa kullum ne, babu fashi. Na yi maka shiru, na ga ka juya kana zumɓura baki. Ba da kai nake ba, yaro. Kalmar nan "kullum" ce ta fama mini wani tsohon miki. Yanzu ajiye wayar ka saurara.

Sau biyu a mako. In ka shekara kana yi, jikinka ya saba, ka mai da shi uku, amma kada ka taɓa jera kwana biyu. Kowane zama zubi huɗu ko biyar ya isa, zubi ɗaya shi ne ka yi ɗagawa a jere sannan ka huta. Yadda ake taka bakin katako da yatsu ana ɗaga dunduniya da yadda ake ɗumama jiki kafin a fara, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda ya yi wata shida yana share min wurin nan bai san wannan ba, to gara ya koma gida.

Shekara bakwai ke nan wani ɗan kasuwa ya kawo min ɗansa da hannunsa, ya ce, "Malam, ga amana, duk wata zan aiko da kuɗinka." Wata biyu ya biya, daga nan ɗif. Ban kori yaron ba, don tunda nake wannan sana'a ban taɓa ganin ƙirar jiki irin tasa ba: kafaɗa shimfiɗeɗɗiya, ƙugu siriri, ƙwanji kuwa ko kallon ƙarfe ya yi sai ya tashi. Matsalarsa ɗaya, daga gwiwa zuwa ƙasa kamar sillen kara. Na ce babu komai, za mu gina ta a hankali. Kusan shekara biyu ina tsaye a kansa kyauta. Ƙwai da wake da madarar da yake sha bayan atisaye, sau tari daga aljihuna suke fita, matata tana yi min magana ina cewa ta yi haƙuri, yaron nan zai fitar da mu kunya. Har makullin wurin nan na ba shi don ya riƙa buɗewa da asuba. Wannan makullin shi ne kuskurena, kuma har gobe ina jin zafinsa.

Saura wata uku a yi wata gasa a Legas da na sa rai zan kai shi, ashe ya samo wani malamin a waya. Da an idar da sallar asuba sai ya zo shi kaɗai, ya loda wa sanda faifan ƙarfen mota har iya abin da kafaɗarsa za ta ɗauka, ya hau katako ya yi ta dirƙa dunduniya ƙasa tana dawowa sama kamar mai tsalle a kan katifa. Kullum. Da yamma kuma ya zo ya yi nawa kamar bai yi komai ba. Daga baya ne abokinsa ya gaya min cewa ya fi mako uku in ya tashi daga barci ba ya iya taka ƙafar sosai, bayan dunduniya na yi masa zugi, sai ya ɗan zagaya ta sake shi. Bai gaya min ba. Ana cikin haka zazzaɓi ya kama shi, ya je wani kemis aka ce taifot ne, aka ba shi Cipro. Ni da na sani da ko ƙofa ba zai shigo ba, domin maganin nan da danginsa an san suna raunana jijiya, musamman agara, wato jijiyar bayan dunduniya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a takardarsu tun 2008. Mai kemis bai faɗa masa ba, shi kuma bai tambayi kowa ba.

Wata safiya ya sauke dunduniya da ƙarfi, ya ji ɗas! Ya waiga yana neman wanda ya jefe shi da dutse, babu kowa a ɗakin. Agara ce ta tsinke. Mai shayin bakin layi ne ya ji ihunsa.

Kafin azahar uban ya iso da 'yan sanda, wai na nakasa masa ɗa. Mutumin da ya riƙe min kuɗin wata ashirin da wani abu, shi ne yake nuna ni da yatsa a gaban yarana. Na ce a tambayi yaron, ni na sa shi? Yaron nan yana kwance a gadon asibiti, na tsaya a kansa na ce, "Don girman Allah faɗi gaskiya." Ya juya fuska bango. Dattawan unguwa suka shiga tsakani, suka ce tunda a wurina abin ya faru in ɗauki kuɗin aikin tiyata a wuce wurin. Na sayar da babur ɗina. Na sayar da injin sharaɓa na zaune, wanda ni na zana shi a takarda, na yi mako biyu ina zarya wurin mai walda har ya fito yadda nake so. Shi ya sa yau kake ganin muna ɗora faifai a gwiwa muna zaune a benci. Bashin da uban ya ci min kuwa ko a zaman sulhun ba wanda ya ɗaga shi. Yaron ya yi kusan shekara kafin ya taka ƙafar yadda ya kamata. Yanzu yana wucewa ta nan a mota, ko hannu ba ya ɗaga min. Kuɗin na haƙura da su tuntuni. Juya fuskar nan ce na kasa mantawa.

To abin da ya faru da ƙafarsa shi ne darasinka. Agara ita ce jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam, kuma aikinta kamar na robar danƙo ne: in ka ja ta da sauri sai ta harba ka sama da kanta. Duk wanda ke dirƙa dunduniya yana dawowa, jijiyar ce take ɗaga nauyin, tsokar tana hutawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya shekara yana yi kullum, sharaɓar tana nan yadda uwarsa ta haife shi da ita, sai ciwon bayan dunduniya da ya samu. Kuma tsoka takan farfaɗo cikin kwana ɗaya ko biyu, jijiya kuwa jini bai cika isarta ba, gyaranta na da nawa. In ka sauke dunduniya ƙasa har ka ji tsokar ta miƙe, ka tsaya a nan ka ƙirga ɗaya, biyu, sannan ka tashi a hankali har kan yatsu. Rabin nauyin da kake taƙama da shi zai gagare ka, na yi maka alkawari.

Kuma sharaɓa ba tsoka ɗaya ba ce. Akwai ta sama mai kai biyu, wadda ake gani in mutum ya juya baya. Ita ta haye gwiwa ta kama ƙashin cinya, don haka ba ta aiki sosai sai gwiwa na miƙe, wato a tsaye. A nan za ka sa nauyi, ɗagawa 10 zuwa 15. Akwai kuma ta ƙarƙashi, shimfiɗaɗɗiya, wadda ba ta haye gwiwa ba. Ita ce ke riƙe ka a tsaye wuni guda, ba ta saurin gajiya, ana kama ta a zaune gwiwa a lanƙwashe, ɗagawa 15 zuwa 20. In lokaci ya ƙure maka ka zaɓi na tsaye.

Na san abin da za ka ce, domin duk yaran yanzu shi suke kawo min: ai Arnold Schwarzenegger, zakaran nan na gasar gina jiki, a zamaninsa kusan kullum yake yi. Gaskiya ne. A 1968, a wata gasa a Miami ta Amurka, Frank Zane ya kayar da shi, mutumin da bai kai shi girma ba, kuma ƙafa na cikin abin da aka raina masa. Arnold ya taɓa zuwa Afirka ta Kudu wurin Reg Park, wani tsohon zakaran gina jiki, ya ga irin nauyin da ake ɗaga wa sharaɓa, daga baya ya datse ƙafafun wandonsa na atisaye don kowa ya ga rauninsa, kunya ta hana shi yin lalaci. Amma mutumin nan ɗaga ƙarfe shi ne sana'arsa, kuma shi da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara tsoka a zamaninsa. Kai kuwa da ƙafa kake zuwa nan daga gida, ka wuni a tsaye a shagon yayanka, ka kwana a kan garin kwaki. Ku kun ɗauki "kullum" ɗin, kun bar shekarun da ya yi yana haƙuri. Wata biyu in ba ku ga canji a hoto ba sai ku canja malami.

Akwai kuma halitta, wadda ba ni da iko a kanta. Wani tsokarsa ta sauko har kusa da idon sawu, wannan ko tafiya ya yi sai ta cika. Wani kuma tana can sama a dunƙule, agararsa doguwa, irin na masu gudu. Na duba taka, irin ta biyun ce. Za ta ƙaru, amma ba za ta sauko ba ko da za ka kwana a kan katako. Mutanen da suna cewa wuya da damtse da sharaɓa su zo awo ɗaya. Kai ka fara neman inci ɗaya tukuna, in ka same shi cikin shekara ka gode wa Allah.

Ranar Litinin ka taho da tef ɗin tela in auna ka da hannuna, mu rubuta a bango. Litinin da Alhamis za ka riƙa yi, a gabana. Ranar da ka tashi ka ji bayan dunduniya na zugi, ko aka ba ka wani magani a kemis, ni za ka fara gaya wa kafin ka taɓa ƙarfe. Makulli kuma kada ka tambaye ni, ba na ba kowa.