Akwatin katin aiki na kan tebur: awonsa, katakonsa da yadda za a raba cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗinki ce a Tawa, ina da shago da yara uku masu koyo. Duk wadda ta kawo yadi nakan rubuta sunanta da awonta da ranar karɓa a ƴar takarda. Takardun nan sun cika mini tebur: wasu ƙarƙashin almakashi, wasu na soke su a ƙusa, wasu fanka ta kwashe. Da ƙaramar Sallar da ta wuce, kayan mutum biyu ban tuna da su ba sai ranar jajibere. Ina so in sa kafinta ya yi mini abin ajiye su a kan tebur, amma ban san me zan ce masa ba. Yaya girmansa zai kasance, kuma da wane katako?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kiyaye gaba.

Kafin ki je wurin kafinta akwai aikin da ke kanki, kuma ya fi zaɓen katako muhimmanci. Ki tsai da girman takarda guda ɗaya, ki daina rubutu a kan kowace iri. A rumfata nan Yamai, kusa da kasuwar Katako, sau da yawa mutum zai zo ya ware hannuwa ya ce a yi masa akwati "kamar haka". In na ce ya nuna mini takardun, sai ya zaro fallen littafin makaranta, da bayan rasit, da yagaggen kwalin shayi. Babu akwatin da zai iya da wannan. Gajeriyar takarda nutsewa take yi tsakanin dogaye, ido ba ya ganinta, kuma ita ce wadda ake mantawa.

Girman da nake ba mutane shawara shi ne wanda ake kira A6. Farar takardar da ake hoto-kwafi da ita, wato A4, faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. In aka raba ta huɗu, kowane yanki zai zama milimita 105 da 148. Duk shagon da ke da injin yankan takarda zai yanka miki tuli guda cikin minti kaɗan. Sai dai kada ki yi da takardar ta yau da kullum. Ƙunshin falle 500 kaurinsa kusan santimita 5 ne kawai, kin ga falle goma ne ke cika milimita ɗaya. Irin wannan ba ta tsayuwa da ƙafarta, lanƙwashewa take yi ta kwanta a ƙasan akwati. Ki nemi mai kauri da ake kira biristol. Masu sayar da kayan makaranta suna da ita a yanke, akwai mai milimita 75 da 125, akwai 100 da 150, akwai 125 da 200. Ta tsakiyar za ta shiga akwatin da zan kwatanta miki ba tare da an canja komai ba.

Abu na biyu, a tambayarki na lura kin haɗa takardu iri biyu a falle ɗaya, kuma ina jin nan ne tushen matsalar. Awon mace abu ne da za ki buƙata bana da baɗi, ana nemansa da suna. Aikin da ta kawo kuwa yana da ranar ƙarewa, ana nemansa da rana. In suna falle ɗaya, ba za ki iya zubar da shi ba bayan an karɓi kaya, saboda awon da ke jiki. Haka tsofaffin takardu ke taruwa har su binne sababbi. Akwai wani malamin ilimin zamantakewa a Jami'ar Bielefeld ta ƙasar Jamus, Niklas Luhmann, wanda ya bar ƴan katuna kusan 90,000 masu wannan girma na A6 a cikin aljihunan katako. Nasa akwati na tara ilimi ne, kullum ƙaruwa yake yi, kuma katin awo danginsa ne: wurinsa aljihun tebur, a jere bisa harafin farko na suna. Akwatin kan tebur kuma kati shiga yake ya fita. Ranar da aka karɓi kaya aka biya, katin ya bar akwatin. Saboda haka ban yarda a yi shi babba ba, ko da kafinta ya ce katako ya ragu. Wuri in ya yi yawa, sai mutum ya fara cusa abin da ba na nan ba.

To yaya za a raba cikinsa? Da rana, ba da sunan mai kaya ba, ba da irin ɗinki ba. Gida bakwai na kwanakin mako, Litinin zuwa Lahadi. Bayansu gida ɗaya na "mako mai zuwa da gaba", sai na ƙarshe na "jira", inda katin kayan da aka gama ba a zo karɓa ba zai zauna, ko wanda ake jiran mai shi ta kawo ƙarin yadi ko zare. Gida tara ke nan. Ma'aikatan ofis suna da irin wannan tsari mai gida 43, wato 31 na kwanakin wata da 12 na watannin shekara. Ga shago irin naki ya yi yawa a sauran lokaci, amma daga shigowar azumi zuwa Sallah zai yi miki amfani ki yanka kwali 31 ki rubuta musu lamba, ki zare allunan da ke raba gidajen mako ki sa su a madadinsu. Wannan ne dalilin da ya sa nake so allunan su zama masu zaruwa, kada a manne su da gam.

Wata dabara kuma da ba ta katako ba: kada ki sa kati a gidan ranar karɓa. Ki sa shi a gidan ranar da ya kamata a yanka yadin. Kayan da za a karɓa Alhamis, in katinsa ya fito gabanki ranar Alhamis da safe, an riga an makara. Ranar karɓa ki rubuta ta da manyan lambobi a kusurwar sama ta dama, inda ido zai faɗa ko katin yana cikin akwati.

Yanzu ga abin da za ki faɗa wa kafinta. Katin zai kwanta a gefensa mai tsawo, wato faɗinsa 148, tsayinsa 105. Faɗin cikin akwati ya zama milimita 160. Ki nanata masa cewa awon ciki ne, domin da yawa sukan auna daga waje, kaurin katako ya cinye santimita 2, kati ya ƙi shiga. Ragowar milimita goma sha biyun nan ita ke barin kati ya fito da yatsa biyu ba tare da gefensa ya tauye ba. Bangon gaba ya tsaya a milimita 60, domin kusan rabin katin ya leƙo. Gefuna biyu da bangon baya su kai 90. Allunan da ke raba gidaje a yi su da kunne mai ɗagowa milimita 10 zuwa 15 sama da kati, a nan za a rubuta sunan rana. Kada kunnuwan su jeru a layi ɗaya: na Litinin a hagu, na Talata ya ɗan matsa dama, haka har ƙarshe, yadda daga kujerarki za ki karanta su duka. Kowane gida milimita 18 zuwa 20 ya isa, zai ɗauki kati fiye da aikin da shago zai iya gamawa a yini. Gaba ɗaya tsawon akwatin daga gaba zuwa baya zai kai kamar santimita 25.

Abin da ya fi raba akwati mai daɗin aiki da marar daɗi shi ne jingina. In bangon baya ya miƙe cak, katuna sukan faɗo gaba, ki riƙa tallafe su da hannu ɗaya kina nema da ɗayan. A karkatar da shi baya kamar digiri 15. In kafintan ba ya aiki da digiri, ki ce masa a tsayin milimita 90 saman allon ya ja baya da milimita 25. Tsagogin da allunan ke shiga a jikin gefuna su ma su bi wannan karkata. Da haka katuna za su jingina kamar mutum a kujera, fuskarsu na kallonki.

A gaban akwatin kuma a ƙara ɗan guntun katako mai kauri, faɗinsa yatsa biyu, a ratsa shi da zarto sau ɗaya, zurfin milimita 12, shi ma a karkace. Wannan tsagar ita ce wurin aikin da ke kan keke yanzu. Kati uku ko huɗu kawai take ɗauka, kuma da gangan ne. Da safe ki zaro katunan ranar, ki tsayar da na farko a tsagar. Yarinyar da ke koyo tana ɗaga kai daga keke za ta ga abin da ke gabanta ba sai ta tambaye ki ba.

Batun katako, ni kwantar-filake nake zaɓa, wato allon nan da ake manna siraran falle a kan juna. Mai milimita 10 a jikin akwati, mai 15 a ƙasa don nauyi, mai 4 a allunan rabo. Dalili yanayinmu ne. Katako zalla yana shan laima ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, ba a tsawonsa ba. Akwatin da aka yi cif-cif a watan Janairu, in Agusta ta zo sai allunan su maƙale a tsagoginsu. Wanda aka yi da ɗanyen katako a damina kuma, kafin bazara ta ƙare ya buɗe baki a kusurwa. Na taɓa yi wa wani magatakarda irinsa da jan katakon da bai gama bushewa ba, bayan wata huɗu ya dawo mini da shi ƙasan ya tsage gida biyu, na sake masa wani. Shi allon da aka manna, tunda kowane falle ya gitta na ƙarƙashinsa, ba ya wannan motsi sosai. In kina son kyan madaci, a yi bangon gaba kaɗai da shi, busasshe. Kuma kada a sa ki sayen allo cikakke mai santimita 122 da 244. Guntayen da ke zube ƙarƙashin teburin kowane kafinta sun isa wannan aiki.

A goge bakin katako sosai da takardar yashi, musamman cikin tsagogi, domin ƴar tsinke ɗaya tana yaga kati, tana kuma jan zaren yadi mai santsi in ya gifta. Fenti ko man ƙyalli a waje kawai. Cikin a bar shi haka, kada a shafa masa mai ko wane iri, don takarda tsotse shi take yi ta yi tabo.

Saura iska da ƙura, kuma kin fi ni sanin abin da hunturu ke yi a Adar, yankinku na Tawa. Katin da ke tsaye cikin akwati fanka ba ta iya ɗaga shi, sai dai ta ture akwatin in ba shi da nauyi. A yanka robar cikin taya gida huɗu a manna a ƙasa, ba zai zame ba ko keke na girgiza tebur. A kusurwoyin ƙasa na baya a huda rami biyu masu faɗin ɗan yatsa, ƙurar da ta taru da guntayen zare su sami hanyar fita in an karkata shi. Murfin katako mai hinji ban so shi ba, domin akwatin da ke rufe ba ya tuna wa kowa komai, kuma da rana ba wanda zai riƙa buɗewa yana rufewa. Abin da ya fi shi ne fallen fata da za a kafe a bangon baya, da yamma a jawo shi ya lulluɓe katunan, da safe a mayar da shi baya. Dukawan Tawa sun san aikin fata, ki kai musu akwatin su auna a jikinsa. In ba haka ba, ke mai ɗinki ce, ƙyallen yadi mai kauri ninki biyu zai yi.

Ƙusar da kike soke takardu a kai ki cire ta yau. Tana huda lamba, wanda ke ƙasa ba ya fitowa sai an zare na sama duka, ga yara masu miƙa hannu cikin sauri. Ƴan takardun nan masu gam a baya, da kamfanin 3M ya bazu da su kasuwa a 1980 da sunan Post-it, an yi gam ɗinsu ne mai rauni don a iya ɓamɓarewa a sake mannawa. Da ƙura ta hau shi ya daina kamawa, shi ya sa ake tsintarsu a ƙasa. In za ki yi amfani da su, ki manna a jikin kati, kada a jikin bango ko keke. Rasit ɗin da ƙananan na'urori ke fitarwa a takarda mai sulɓi shi ma kada ki dogara da shi, zafi da hasken rana suna goge rubutunsa. Ki kwafe adadin kuɗin da bik a jikin katin aikin, tare da abin da aka bayar da abin da ya saura.

Kafin a taɓa zarto, ki samo kwalin sukari ko na sabulu, ki yanka shi da wannan awo, ki yi aiki da shi mako biyu. A nan za ki gane ko gidan "jira" ya yi miki kaɗan, wanda a shagunan ɗinki yakan fi sauran cika, ko kuma kina bukatar gida na goma don aikin gyara. Ki ajiye shi a gefen hannun da ba kya riƙe almakashi da shi, nesa da dutsen guga da kofin ruwa, kuma kada ya jingina da bangon ƙasa saboda gara. Bayan mako biyun, kwalin nan da kansa za ki ɗauka ki kai wa kafinta tare da kati goma na gaske, ki ce ya gwada su a ciki kafin ya buga ƙusa ta ƙarshe.