Zanen da bai yi kama da hoto ba, gazawa ce?

Ɗan uwa, ka ce ka ga wani zanen zamani, rabinsa mutane, rabinsa kamar fenti aka watsa, kana tambaya ko mai zanen ne ya gaza. Ni ma na daɗe da wannan tunanin, sai da hawan Sallah ya sauya mini shi.

Na taɓa kwashe mako uku ina zana hawan Sarki a Ƙofar Soro. Babu abin da na bari: linzami, likkafa, adon sirdi, har naɗin rawani. Da na gama, kowa ya ce kamar hoto. Amma ni da na tsaya cikin taron ranar, na san ba haka idona ya gani ba. Ƙura ce ta turnuƙe, ja da koren rigunan dogarai suna ɓullowa suna ɓacewa, ga wani doki da wuyansa ya lanƙwashe da aka ja masa linzami wajen jahi. Sai na sake sabo. Wuyan dokin nan da mashi guda kawai na fitar sosai, saura na bar su launi da ƙura. Kawuna, wanda bai taɓa shiga wurin baje zane ba, yana kallo ya ce, "Ai jahi ne wannan." Bai tambayi ina ƙafafun dawakan suke ba.

Tun daga nan nake duba abu biyu a zane: me aka bar wa ido ya riƙe, kuma me launi da layi suka ɗauka a madadin abin da aka cire. Wanda ya fitar da komai dalla-dalla, kyamara ta fi shi sauri. Wanda ya shafe komai kuma yakan bar da yawanmu a baya, ko da yake akwai masu son hakan, ban kuma raina su ba.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga. Ba ta yi kama da askar wanzami ba, tsininta kawai maɗinki ya ɗauko, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya gaza.

A Zariya, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, don haɗa abin da Turawa suka koyar da su da zanen gida. Nemi aikin Grillo a intanet: mata dogaye cikin shuɗi, jikinsu a yanke kusurwa-kusurwa, amma ka san mata ne, har tsayuwarsu ka sani. Sai Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda gidan baje zane na Tate Modern da ke Landan ya baje aikinsa a 2013. Shi haruffan Larabci ne ke rikiɗa su zama fuskoki, duk wanda ya taɓa riƙe allo zai ji hannunsa.

Idan ka koma ga zanen nan naka, ja da baya kamar taku biyar, ka nemi abu guda da ka gane. Ka riƙe shi, sannan ka matso a hankali ka ga inda fentin ya kai ka.