Filin Malamin Gona: Kashin shanuna zai iya isa na daina sayen yuriya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shanu 12 na tatsa a wani ƙauye kusa da Sandamu, kuma kashinsu duk gona nake kaiwa. Bara gefen da na jibga shi da yawa gyaɗa ta yi ganye sosai amma ƴaƴa ba yawa, can ƙarshen gonar kuma masara ta yi ɗorawa tun kafin ta fidda goyo. Ga tsadar buhu. Dan Allah in na ƙara zuba kashin zan iya barin takin zamani gaba ɗaya? Daga wani mai karatu, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara albarka a garke. Gaskiya ka riga ka fi manoma da yawa sa'a, domin ƙasar jigawa irin tamu ta Daura ba abin da take so kamar takin gargajiya, yana riƙe mata laima yana gyara jikinta, abin da buhu ba zai taɓa yi ba. Amma maganar barin yuriya kwata-kwata a gonar masara, a'a, ban ba ka wannan shawarar ba.

Abin da masararka ta rasa shi ne sinadarin naitirojin, kuma alamarsa ke nan, ganyen ƙasa ke fara yin ɗorawa daga tsini ya bi jijiyar tsakiya. To mu yi lissafi. Buhun yuriya mai kilo 50 akwai naitirojin kilo 23 a ciki, na kamfa 15-15-15 kuma kilo 7 da rabi. Shi busasshen kashin shanu tan ɗaya sau da yawa abin da ke ciki bai wuce kilo 10 ba, kuma wannan ɗin ma ba duka shuka ke samu a daminar farko ba, kamar kwata ne zuwa kashi ɗaya cikin uku, sauran sai a hankali yake sakewa shekara bayan shekara. Ka ga ko tan 5 ka zuba a hekta, abin da masara za ta ci bana bai kai buhun yuriya guda ba, alhali a ɓangaren Funtuwa da Bakori inda ruwa ya wadata ana so a ba ta naitirojin kilo 100 zuwa 120 a hekta. Mu nan ruwanmu bai kai nasu ba don haka ba sai ka kai wannan adadin ba, gero da dawa kuma kusan rabin haka ya ishe su.

Wurin da abin ke ci min rai shi ne asarar da ake yi tun a turke. Kaso mai yawa na naitirojin ɗin saniya a fitsarinta yake ba a kashi ba, kuma wannan warin mai yaji da ke shiga hanci in ka je garke da safe, wallahi takinka ne ke tashi sama. Sannan mu kwashe shi tun watan biyu mu jera tsibi-tsibi a gona, ranar bazara ta gasa shi, iska ta kwashi rabonta, sai a ce taki ya yi rauni. Ka riƙa shimfiɗa wa shanun ragowar kara ko ɓawon gyaɗa a ƙarƙashinsu ya tsotse fitsarin, ka tara shi wuri guda a inuwa ka lulluɓe har ya ruɓe, in damina ta ƙarato sai ka kai ka baza ka yi huɗa a kansa nan da nan. Ɗanye kam kar ka sa a gindin shuka, yana ƙona tsiro ga ƴaƴan ciyawa da yake kawowa. Kuma dan Allah tulin ya yi nesa da rijiya, ƙasa mai yashi ba ta riƙe komai, ruwan da ya tsiyaye daga shi yana iya kaiwa ga wanda iyali ke sha. Tunda naka shanun na tatsa ne, in kana ba su dusa da kek ɗin gurya kashinsu ya fi na masu yawon kiwo ƙarfi.

Ita gyaɗa ka cika mata ciki ne da abin da ba ta nema. Tumɓuke guda ka duba saiwarta za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle, da su take samo nata naitirojin daga iska, haka wake da waken suya. In ya yi mata yawa sai ta tafi a ganye, harawa ka samu. Ita takin supa, wato mai sinadarin fosforas, ta fi buƙata.

Don haka bana ka juya abin. Kashin ya tafi wurin masara da gero, musamman can ƙarshen da bai taɓa samu ba, gyaɗa kuma kar ka ƙara zuba mata, ta ci sauran na bara. In masara ta kai sati 5 zuwa 6 ka ba ta yuriya, ƙasa na da laima, ka tona kusa da gindi ka binne kar ka watsa a sama. In kuɗin buhu ɗaya gare ka to nan ne wurin sa shi. Ka sake rubuto min bayan girbi na ji yadda gefen nan ya yi.