Jirgi cike ba shi ne riba ba

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi min tambaya, kiran magariba ya hana ni amsa maka. Ka ce: "Maigida, Alhajin nan da ya zo da safe, na duba masa hanyar da ya saba bi na tarar kamfanin ya cire ta gaba ɗaya. Shi kuwa ya rantse bara da ya hau jirgin babu kujera ko ɗaya da ba mutum. To me zai sa a daina zuwa inda ake cika?" Na ji daɗin tambayar, domin duk wanda zai ci abinci da sayar da tikiti dole ya san amsarta.

Fara da abin da ka sani. A tashar Kawo direban Kano ba ya tayar da mota sai ta cika. Jirgi ba shi da wannan gatan. Ƙarfe goma aka rubuta, ƙarfe goma zai tashi, ko da rabin kujerun ba kowa, kuma kujerar da ta tashi wayam ta tafi ke nan, ba buhun masara ba ce da za a ajiye a sayar gobe. Alhaji ranar da ya hau kawai ya gani, wataƙila lokacin hutu ne. Bai ga dawowar jirgin ba, bai ga tsakiyar mako a watan da ba a tafiya ba. Kamfani kuwa lissafin shekara yake yi, zuwa da dawowa.

Sannan cikar ma iri-iri ce. A doguwar tafiya, kujerun gaba ne ke ɗauke da jirgi, na manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni, waɗanda tikitin mutum ɗaya yakan ninka na baya sau uku ko huɗu, sai kuma kayan da ake lodawa a ƙarƙashin fasinjoji. Idan gaba ta bushe, baya ta cika da tikiti mai rahusa, kai za ka ga jirgi maƙil, mai jirgi kuma yana ƙirga asara, don man jirgi kaɗai yakan cinye kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da kamfani ke kashewa. A da United ta Amurka tana zuwa Legas daga Houston, garin kamfanonin mai. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, masu zama a gaba suka ragu, ga dala ta yi wuya, a watan Yunin shekarar United ta tattara. Iberia ta Sifen ma a shekarar ta bar Legas.

Maganar dalar nan ita ce ta fi ƙona mu a wannan shagon. Mu da naira muke sayarwa, shi kuwa kamfanin waje da dala yake biyan hayar jirgi da gyara da inshora. In ya tara nairarsa ya kasa canza ta ya kai gida, kamar ɗan kasuwar da ya sayar da kaya ne kuɗin suka maƙale a hannun dillali. A 2022 Emirates ta ce dala miliyan 85 nata sun maƙale a Najeriya, a ƙarshen Oktoban shekarar ta dakatar da zuwa, ba ta dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba, 2024. A 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce abin da ya maƙale a ƙasar nan ya haura dala miliyan 800. Waɗanda ba su tafi ba sai suka rufe mana ƙananan farashi, suka bar masu tsada kaɗai. Ban manta wani uba da ya zauna a kujerar nan da kake zama, ɗansa zai tafi karatu Ingila, ya zo da kuɗin da ya lissafa tun watanni uku baya a cikin ambulan. Sai da na juya masa fuskar kwamfuta ya gani da idonsa, don kada ya zaci ni na ƙara. Ya daɗe yana kallo, ya mayar da ambulan aljihu, ya ce zai je ya sayar da fili ya dawo.

Tsaro kuwa, mu 'yan Kaduna ba labari aka ba mu ba. A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin sauka, aka ce kowa ya dawo Kaduna. Muka yi murna, muka ce kasuwa ta zo har gida. British Airways da Lufthansa da Air France duk suka ce ba za su zo ba. Ethiopian Airlines ce ta yarda ta sauka. Da yawa cikinmu mun ji zafin abin, ni ma na ji, amma ka fahimci yadda suke tunani. Jirgin doguwar tafiya ba sauke fasinja yake yi ya juya da matuƙansa ba, doka ta wajabta su huta. To a wane otal za su kwana, ta wace hanya za a kai su, wa zai ɗauki alhakin fasinjan da zai bi hanyar Abuja bayan ya sauka? Makonni kaɗan kafin nan aka sace Jamusawa biyu masu binciken tarihi a yankin Kagarko. Kamfanin inshora yana karanta irin wannan labari, ƙungiyar ma'aikatan jirgi ma tana karantawa, kuma in ɗayansu ya ce a'a, magana ta ƙare. A 2022 kuma, ranar 26 ga Maris 'yan bindiga suka kai hari filin jirginmu, bayan kwana biyu aka tare jirgin ƙasan Abuja. Har kamfanin cikin gida sai da ya dakatar da zuwa Kaduna a lokacin, balle na waje.

Wani lokacin ma garin da za a je lafiya lau yake, hanyar sama ce ta toshe. Tun da aka harbo jirgin Malesiya a gabashin Yukren a 2014, mutum 298 suka mutu, ba kamfanin da ke wasa da sararin da ake yaƙi a ƙarƙashinsa. Daga 2022 jiragen Turai ba sa ratsa Rasha, sai zagaye, ƙarin sa'o'i da ƙarin mai, alhali jiragen Sin suna bi ta miƙe. Ga shi a lokacin matafiya zuwa Sin ba su dawo kamar kafin annobar korona ba. A Oktoban 2024 British Airways ta ajiye Beijin, Virgin Atlantic ta bar Shanghai. Mu ma mun ɗanɗana a Hajjin 2023, da yaƙin Sudan ya sa jiragen alhazai suka riƙa zagaye.

Jirgi dukiya ce mai fiffike. Wanda ya gina otal a Kaduna dole ya zauna da shi ko ana ciniki ko ba a yi, mai jirgi kuwa cikin mako ɗaya zai karkatar da shi wani gari da ya fi kawo kuɗi.

Abin da nake so ka koya shi ne gane alama tun kafin sanarwa. Jirgin da ke zuwa kullum ya koma sau uku a mako. An sauya babba da ƙarami. Ka duba watanni shida gaba ka ga ba a buɗe kujeru ba. In ka ga haka, kada ka sayar wa mutum tikitin tafiya mai nisan lokaci a wannan hanya ba tare da ka faɗa masa ba. Kuma in tafiyar da yada zango ce, ka haɗa ta a tikiti ɗaya, domin in an soke ɓangare guda kamfani ne zai nema masa mafita. In ka raba ta biyu don ka rage masa 'yan kuɗi, shi zai kwana a filin jirgin ƙasar da bai san kowa ba, kuma lambarmu zai kira.

Gobe da safe ka kira Alhaji. Ka duba masa ta Adis Ababa da ta Alƙahira da ta Istanbul, ka rubuta masa sa'o'in jira na kowacce a takarda, don ƙafarsa na damunsa kuma ba zai iya dogon zama ba. Kafin ka tura masa, kawo min in gani.