Tambaya da Amsa: Waya da Wanda ke Cikin Kumbo Mai Tsananin Gudu

TAMBAYA: Malam, malamin kimiyyarmu ya ce agogon mutumin da ke cikin kumbo mai tsananin gudu yakan yi nawa. To in yayana ne a ciki na kira shi, yaya zan ji muryarsa?
Daga wata ɗaliba, Talata Mafara, Jihar Zamfara.

AMSA: 'Yata, malaminku ya yi gaskiya, masanin kimiyya Albert Einstein ne ya bayyana haka a 1905. Amma tun kafin a zo kan agogo, nisa kaɗai ya isa ya hana ku hira. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a daƙiƙa, ba ya wuce nan. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, in aka aika masa saƙo yau sai ya shafe fiye da awa 22 a hanya. Ki yi sallama da asubahin Litinin, amsa sai wajen Laraba. Kumbon kuwa kilomita 17 kacal yake ci a daƙiƙa, nawar agogonsa ba ta taka kara ta karya ba.

Yanzu a ce yayan naki na nesanta da mu da kashi 60 cikin 100 na gudun haske (babu kumbon da ya ko kusanci haka). A lissafinki, duk awa 5 a Mafara awa 4 ce a wurinsa. Ga kuma kowace kalma tana tasowa daga wuri mafi nisa. In aka haɗa biyun, gaisuwarsa ta minti 1 sai kin yi minti 2 kina saurare, murya ta yi kauri tana ja, kamar kaset a rediyon da batirinta ya yi sanyi.

Inda ɗalibai ke yi mini gardama ke nan: shi ma haka zai ji taki muryar, kuma zai rantse agogonki ne mai nawa. Muddin bai juyo ba, ba wanda za a ƙaryata a cikinku. Saƙon minti 1 da ya aiko bayan ya juyo gida kuwa, in ya iso miki cikin daƙiƙa 30 za ki gama jin sa, murya siririya. Shi ne ya sauya alkibla, ke kina nan, don haka in ya sauka kin ƙirga shekara 10, shi 8 ya ƙirga. In tazararku ba ta kai shekara 2 ba, ke ce za ki koma yayarsa.