Tambaya da Amsa: Rooibos, Jan Shayin da Ba Ya Hana Barci

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina dattijo ne, ba ya iya kwanciya sai ya sha shayi bayan Isha'i, ga shi barci ya ƙaurace masa. Yayana ya aiko masa da kwalin wani ganye daga Yawunde, an rubuta rooibos a jiki. Na dafa yadda na saba, Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin, ya ce salam ne. Shin shayi ne na gaske? A ina na kuskure? Daga wata mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Rooibos ba ganyen shayin da muka sani ba ne. Wani tsiro ne mai ganye siri-siri kamar allura, dangin wake da gyaɗa, yana fitowa a duwatsun Cederberg na Afirka ta Kudu. Sunan da harshen Afirkans ne, ɗaya daga harsunan ƙasar, ma'anarsa jan tsiro. Ana yanka ganyen, a daddaƙa, a jiƙa, a tara shi har ya yi ja, sannan a shanya a rana. A 2021 Tarayyar Turai ta amince cewa wanda aka noma a wasu keɓaɓɓun yankunan Afirka ta Kudu, har da Cederberg, kaɗai ke cin wannan suna.

Ba shi da kafeyin ko kaɗan, wato sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro mai wartsake mutum. Wanda ya sha shayi mai kauri ƙarfe tara na dare, wajen ƙarfe biyu rabin kafeyin ɗin yana nan a jininsa. Shi ke nan sai juyi a kan gado.

Kuskuren dahuwa kuwa, yawanci gaggawa ce da ƙarancin ganye. Shayin gida idan ya daɗe a wuta yakan yi bauri, shi ya sa hannunki ya saba da saukewa da wuri. Rooibos ba ya wannan baurin, jira yake so. Ki zuba ƙaramin cokali ɗaya a cike ga kowane kofi, ko jaka ɗaya; tunda Baba mai son kauri ne, ki sa biyu. Ruwan ya tafasa sosai, ki zuba, ki rufe butar, ki bar shi minti bakwai zuwa goma. Idan a kan gawayi ne, ki janye butar gefe ya riƙa dahuwa a hankali. Zai fito jawur, da ɗan zaƙi-zaƙi na kansa. Ki jefa citta da kanumfari biyu ko ɗan kirfa tun farko, domin harshen da ya saba da shayin mai shayi sai da yaji yake gamsuwa. Yana karɓar madara lafiya. Ki tace da ƙyalle mai tsabta, don ƙananan alluran suna bin rariya su sauka a kofi.

Kada ki yanke wa Baba shayinsa dare ɗaya. Wanda ya saba da kafeyin idan ya daina kwatsam yakan yi ciwon kai da kasala na 'yan kwanaki, sai ya ɗora wa sabon ganyen laifi. Ki bar masa na safe, ki sauya na dare kawai, goron yamma ma a rage. Ki kuma duba jikin kwalin: idan kin ga thé noir ko thé vert (baƙin shayi ko koren shayi da Faransanci) a cikin abubuwan da aka haɗa, gauraye ne, akwai kafeyin.

Tambaya: An ce yana maganin hawan jini da ciwon suga, gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Njamena.

Amsa: Malam, abin sha ne, ba magani ba. Don Allah kada ka ajiye ƙwayoyin da likita ya ba ka saboda shi. Amfaninsa ga mai ciwon suga shi ne ana iya shansa ba sukari, amma cokali uku na sukari a rooibos daidai yake da cokali uku a kowane shayi. Mai ciwon hanta ya fara tambayar likitansa, jaririn da bai cika wata shida ba kuma nono kaɗai ake ba shi.