Me ya sa ba ka jin Larabcin direba, alhali ka iya Larabci?

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Ɗan'uwanmu da ya iso Makka bana ya yi tambaya: ya yi shekaru yana karatun Larabci a gida, amma direba ɗan Misra ya yi masa magana bai ji ba, mai kanti ɗan Sudan ma haka, su kuwa waɗanda suka daɗe a nan duk suna ji. To Malam, ga amsa, sai dai ka yi haƙuri muryar za ta ɗan ja.

Kunne ba ya auna magana harafi bayan harafi. Da an fara furta kalma, ƙwaƙwalwa sai ta taso da duk kalmomin da ta sani masu irin wannan farkon. Sauti na gaba ya zo ya kori wasu, ma'anar zancen ta kori saura, ɗaya ta rage. Wannan bayanin wani mai bincike, William Marslen-Wilson, ne ya kawo shi tun 1978, kuma a zance mai gudana sau da yawa ana gane kalma tun mai maganar bai rufe baki ba. A 1970 ma wani mai binciken, Richard Warren, ya yanke sautin "s" daga tsakiyar wata kalma a faifai, ya sa tari a gurbinsa, masu sauraro suka ce sun ji kalmar a cike. Wato abin da ka riga ka sani shi ke cike giɓin.

Ai mu ma muna yi. Basakkwace ya ce "biyat", ya ce "hwari", ya ce "shina zuwa", Bakano bai taɓa neman tafinta ba. Yaron da aka haifa a Jidda ya ce "kasa" a maimakon "ƙasa", ko ya karya karin sautin "miyar kuka", ba wanda zai ɗauka hawaye aka kaɗa. Dalili shi ne sauyin yana da ƙa'ida, kullum wuri ɗaya yake faɗawa.

To Larabcin titi ma haka yake, kuma haruffa kaɗan ne ke rikita sabon zuwa. Babbansu ق. A Hijaz da Najad da Sudan "g" ne: galam, galb, gahwa. A Alƙahira hamza ce: 'alam, 'alb, 'ahwa. Sai ج, wadda mutumin Alƙahira ke mayarwa "g", ya ce gamal, masgid. Ka ga inda tarkon yake? "G" a bakin ɗan Makka ق ce, a bakin ɗan Alƙahira ج ce. Sai ka san waye ke magana kafin ka san harafin. ث kuma a biranen Hijaz da Misra da Sudan takan koma "t" ko "s", shi ya sa kake jin talata, katir. ذ ta koma "d" ko "z". Ɗan Sudan wani lokaci idan ya zo kalmar littafi yakan karkatar da ق zuwa غ, har istiƙlal ta yi kama da istighlal, 'yancin kai ya koma ci da gumi.

Sabon kunne ba ya daɗewa in an bi hanya. A 2003 wasu masu bincike, Norris da McQueen da Cutler, sun gwada 'yan Holan: suka sa wani sauti da ke tsakanin "f" da "s" a ƙarshen kalmomi 20 da mutanen suka sani, daga nan sai kunnensu ya matsar da iyakar haruffan ya bi bakin mai maganar. Amma da aka sa sautin a kalmomin da ba su da ma'ana, ba abin da ya sauya. Nan ne gaɓar, Malam. Sauraron abin da ba ka san kalmominsa ba, ko ka wuni kana yi, ribarsa kaɗan ce.

Saboda haka ga yadda za ka yi. Zaɓi karin harshe ɗaya tukuna, na Hijaz tunda nan kake. Nemi gajeren bidiyo na minti biyu ko uku mai rubutun Larabci a ƙasa, kar ka ɗauki mai fassara, don fassara tana ba ka ma'ana ne ba ta nuna maka wace kalma aka furta ba. Ka ji sau ɗaya ba ka duba rubutu ba, sau ɗaya kana dubawa, ka sake ji ido rufe. Kuma ka riƙa sauya masu magana, kamar mutum biyar, maza da mata. Binciken Bradlow da Bent na 2008 ya nuna wanda ya saba da baki ɗaya, wannan bakin kawai yake ji, wanda ya saurari biyar masu lafazi iri ɗaya kuwa yana gane na shidansu da bai taɓa ji ba.

Wani abin kuma ba lafazi ba ne sam, kalmar ce daban. "Yanzu" a Hijaz dahin, a Sudan hassa, a Misra dilwa'ti. "Ina so" kuma abga, dayir, ayiz. Waɗannan sai hadda, kunne ba zai ƙirƙiro su ba.

Inda dabarar ƙwaƙwalwa ke cin tura shi ne wurin da zance ba ya taimako: farashi, lambar bas, sunan otal, sunan magani. Sab'a da tis'a duk suna shiga jimla ɗaya daidai, ga hayaniyar tasha, ga waya tana cinye sautuka irin su "s" da "f". A nan kar ka dogara da zato. Ka dubi bakin mai maganar in yana gabanka, ka maimaita masa abin da ka ji, in kuɗi ne ko magani ka miƙa masa waya ya danna lambar da hannunsa. Wassalam.